Bandar Yawuri a Bahar Maliya

Har yau idan wani ya shigo ofishinmu na unguwar Murabba a Riyad ya ce a shirya masa tafiyar ganin dolfin, ba da son raina nake amsawa ba. Aikina ne, dole in jawo masa kujera, in yi masa murmushi, in tambaye shi su nawa ne. Amma a cikina tsaki nake yi. Ba da shi nake ba, bawan Allah bai yi mini komai ba. Wata safiya ce nake tunawa.

Ofishin ƙarami ne. Tikiti muke yanka, mu kama wa mutane otal, idan hutu ya zo kuma mu haɗa iyalai mu tura su gaɓar Bahar Maliya. Riyad ba kogi ba tafki, duk inda ka waiga kwalta ce da gini da rana, shi ya sa mutanen garin nan suke da ƙawa-zucin ruwa kamar me. Ni kaina ɗan Gusau ne, iyona bai wuce na kududdufi ba.

'Yata ta fari a nan aka haife ta, a unguwar Gubaira, a gidan haya mai ɗaki biyu saman wani shagon gyaran firji. Ba zan faɗi sunanta ba, ko a gida ma ba na faɗa, 'yar fari ce. Larabci a bakinta ba gargada, Hausa kuwa sai ta tsaya ta laluba, ta ce wa namiji "ke", mu yi ta dariya tana kumbura. Wata malamarsu ce ta jawo mana. Ta nuna musu dolfin a aji, yarinya ta dawo gida kamar an sauya ta. Daga ranar ba mu ƙara cin abinci cikin kwanciyar hankali ba. Muna cikin tuwo za ta ɗaga cokali, don ita da cokali take cin tuwo, ta ce, "Abba, ka san ba kifi ba ne? Nono yake ba ɗansa." In ce to. Gobe ta zo da wani sabo.

Abin da ya fi shiga ranta shi ne yadda ake kusantarsu. Ta haddace shi kamar karatun allo. Ba a taɓa su, ba a bin su, ba a ba su abinci. Kwanciya kake yi a kan ruwa ka yi shiru, in sun ga dama su zo, in ba su ga dama ba ka haƙura ka koma gida. Ta matsa wa uwarta lamba har sai da ta riƙa kai ta wurin koyon iyo na mata, ta koya kuwa, ta fi ni nesa ba kusa ba. Duk hutu sai ta tambaye ni yaushe za mu je, ni kuma in ce hutu mai zuwa. Lokacin hutu shi ne lokacin da aiki ya fi yi mana yawa, 'ya'yan wasu nake turawa teku tawa tana gida.

Sai shekarar da aka yanke shawarar su koma Nijeriya. Sabunta iƙama, takardar zama, ta mutum uku ya fi ƙarfina, gaskiyar magana ke nan, kafil ɗina kuma, wanda nake zaune a ƙasar ƙarƙashin sunansa, ya ce shi ba ruwansa da iyalin kowa. Muka zauna da maiɗakina muka juya maganar ta kowane ɓangare, babu mafita. Za su tafi da bizar fita ta dindindin, irin wadda in ka fita ka fita ke nan, ni in zauna in ci gaba da nema.

Na zaci yarinyar za ta yi kuka da na gaya mata. Ba ta yi ba. Sai ta ce da Larabci abu ɗaya take so kafin ta tafi, in kai ta ta shiga ruwa da dolfin. Na ce in sha Allahu. Ta ɗago ta dube ni, don ta san in sha Allahun da ake sallamar yaro da ita. Na ce mata a'a, wannan ta gaske ce. A raina na ce zan raba yarinyar nan da garin da aka haife ta, da ƙawayenta, da makarantarta, da ni kaina, to wannan ɗaya dai ko ana ha maza ha mata sai na yi mata.

Masu jiragen da ke can gaɓa kashi biyu ne. Akwai masu kiɗa da gudu, su hango dolfin su taka mai su rufa musu baya, su watsa musu ƙananan kifi don su taso a ɗauki hoto. Mutane sun fi son waɗannan. Akwai kuma wani dattijo da ofishinmu ke aiki da shi, wanda yake kashe inji tun daga nesa ya jira. Sau da yawa baƙi sukan dawo mini da ƙorafi a kansa, wai ya cika doka, wai sun biya kuɗi ya hana su taɓawa. Ni kuma in kare shi har jijiyar wuyana ta tashi. Yarinyar ta sha jin wannan labari a gida, don haka ta ce ita jirginsa za ta shiga, ba na kowa ba.

Komai ya daidaita, na karɓi aron motar ofis, na sami hutu daga mudir, shugaban ofishinmu, da kyar da siɗin goshi, sai ga waya daga gida. Surukina, mahaifin maiɗakina, zai zo umara, daga nan ya biyo Riyad ya raka 'yarsa da jikarsa gida. Alheri ne, wa zai ce ba alheri ba ne? Na je Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid na taro shi. Na durƙusa a kan tayil ɗin nan mai santsi na gaishe shi, Larabawa suna ratsawa da akwatunansu suna kallona kamar na yar da wani abu ina nema.

Surukina masunci ne, ɗan Sarkawan Yawuri, a kan kogi aka haife shi, a kan kogi ya yi furfura. Tsarabarsa kuwa banda ce, jaka guda, an naɗe an ƙara naɗewa, ban san yadda aka yi ta tsallake masu bincike ba. Kafin la'asar duk benenmu ya ɗauki ƙamshi. Maƙwabtanmu mutanen Maraɗi suka yi ta hawowa gaisuwa, kowa ya sauka da ƙunshinsa.

Wanda bai san tsakanin mutum da surukinsa a wajenmu ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ban taɓa ce masa a'a ba, ban ma taɓa ce masa "amma" ba. In ina da magana sai in gaya wa maiɗakina ta kai. A Nijeriya wannan ba wuya, gida da fili, kowa da sashensa. Amma a ɗaki biyu na Gubaira? A tsaye nake cin abinci a kicin, ina jin motsinsa in ture kwano bayan tukunya.

Da ya ji maganar tafiya sai ya gyara zama. Ya ce wa 'yarsa, "Teku? Za ku je ruwa ku bar ni a nan ina kallon bango?" Shi ke nan, magana ta ƙare. Ni ma ban ƙi ba, na ce dattijo ya ga ruwan da ya fi nasa.

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, na leƙo daga kicin na gan shi zaune yana ɓarɓasa banda a cikin leda, yana cire ƙaya a hankali. Ya ƙulle ledar ya jefa a aljihun rigarsa. Na yafito maiɗakina na tambaye ta na mene ne. Ta ce ai haka suke yi, masunci ba ya zuwa baƙon ruwa hannu rabbana, sai ya gaisa da shi, ya buga gefen jirgi ya jefa wani abu, musamman in akwai yaro da zai shiga.

Na ce, "Don Allah don Annabi ki gaya wa Baba, mai jirgin nan ba ya yarda. In aka jefa ko ƙwaya ɗaya zai juyo da mu. Ki faɗa masa haka, yadda na faɗa."

Ta ce to. Na tsaya a bakin kicin ina saurare. Ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, wai mai jirgin ba ya so baƙi su wahalar da kansu da ɗaukar komai, akwai duk abin da ake bukata a can."

Innalillahi! Wannan ne saƙona? Dattijo ya ce Allah sarki, mutumin kirki, ai wannan ba wani nauyi ba ne. Da ta dawo na tare ta da ido. Ta ce, "To me kake so in ce? In ce wa ubana an hana shi? Kai ka je ka faɗa mana." Ta san ba zan iya ba, shi ya sa ta faɗa.

Yarinyar ta ji mu. Ita ba kunya tsakaninta da kakanta, sai ta tafi kai tsaye ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Kaka, mamnu'u! Kar ki ba su abinci. Haram, ba kyau."

Ya fashe da dariya har da buga cinya. "Kai, ku ji Balarabiyata! Rowa za ki koya mini? Su Larabawa haka suka koya miki, a je gidan mutum ba tsaraba?"

"Ba wasa ba, Kaka!"

"Ai ni ma ba wasa ba. In kin ƙi ni, na samu wata a cikin ruwan in bar ki."

To ka ji. Tsakanin jika da kaka duk abin da aka faɗa wasa ne. Ko ta ce masa gida ya kama da wuta sai ya ce ta fara fita ya gani. Mu uku a gidan, kowa ya san abin da zai faru, kuma babu ɗaya a cikinmu da yake da bakin da dattijon zai ɗauka da gaske. Na koma kicin na tsaya ina kallon tukunya, raina yana tafasa.

Muka kama hanya bayan asuba. Tafiya ce mai nisa, wuni sur a mota, sahara dama sahara hagu. Surukina yana gaba kusa da ni, don haka ko ruwa ban sha a gabansa ba sai in an tsaya salla. Na yi ta tauna maganar a raina, in ce yanzu zan faɗa, in buɗe baki sai in ji na ce, "Baba, ko a rage sanyin motar?" Na kwantar wa kaina da hankali cewa mai jirgi zai faɗi dokarsa da bakinsa, wannan kuwa ba maganata ba ce, tafinta kawai zan yi.

Washegari da safe muka isa bakin ruwa. Mai jirgin siriri ne, rana ta ƙona shi, ba ya son yawan magana. Kafin kowa ya taka jirginsa ya tsayar da mu ya jera dokokinsa da Larabci. Ba ihu, ba buga jirgi, ba taɓawa, ba bi. In akwai uwa da ɗa a cikinsu babu mai shiga ruwa. In kuwa abinci ya faɗa ruwa daga jirginsa, ko na kowa ne, tafiya ta ƙare. Ya dube ni ya ce in fassara.

Na fassara, wallahi na fassara, ban rage ko harafi ba. Na fuskanci maiɗakina kamar da ita nake, na ɗaga murya yadda dattijo zai ji sarai. Da na zo kan abinci har maimaitawa na yi. Surukina yana ta gyaɗa kai. Da na gama ya ce wa 'yarsa, "Madalla. Wannan mutumin ya san ruwa. Haka ake yi wa mutanen birni, in ba haka ba sai su zubar da shinkafa da ledoji su ɓata wuri." Ya miƙa wa mai jirgi hannu suka yi musabaha, masunci da masunci. Ashe shi a ganinsa dokar ta mu ce, mu 'yan kallo. Su ma'abota ruwa ai sun san junansu.

Muka shiga teku. Muka yi nisa har gari ya ɓace, sannan aka fara jira. Rana ta ɗaga, zafi ya sauko, maiɗakina ta fara jin jiri ta rufe fuska da mayafi. Wani jirgin masu kiɗa ya wuce mu a guje, samari suna ihu suna ɗaga waya, yarinyar ta bi su da tsaki irin na uwarta. Tana zaune a gaba cikin kayan iyonta masu dogon hannu, da rigar kariya, gilashin ruwa a goshi. Ni kuwa da dogon wando da riga har wuya zan shiga, don ba zan tuɓe a gaban surukina ba ko da zan nitse. Mai jirgi ya dube ni sama da ƙasa ya kau da kai.

Can sai ya kashe inji. Ya nuna da haɓa. Da farko ban ga komai ba, sai ƙyallin ruwa. Sannan na ga baya mai santsi ya taso ya koma, wani ya biyo, wani ya biyo. Da injin ya mutu har numfashinsu ana ji, fuu, kamar mutum ya sauke kaya. Yarinyar ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Mai jirgi ya daɗe yana duba su, sannan ya ce a hankali babu ƙarami a cikinsu, za a iya shiga. Ya ce ta sauka kan tsani ta tsaya, kada ta saki sai ya ba ta alama, a bari su juyo da kansu.

Ta sauka. Ruwa ya kai mata ƙugu. Ina bayanta, ƙafa ɗaya a kan tsani. Suka juyo kuwa, a hankali, suna nufo mu. Ta waigo ta dube ni, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Mai jirgi ya fara ɗaga hannu.

Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas!

Surukina ne, da zoben azurfarsa, yana buga gefen jirgi. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ce wasu kalmomi da ban taɓa ji ba, ya watsa banda a kan ruwa da hannu ɗaya kamar mai shuka. Kafin in ce me, sun nitse. Guda ɗaya ya taso ta inda bandar ta zuba, ya zaga, shi ma ya bi sauran.

Mai jirgi ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ya ce wa yarinyar ta hau.

Ta ƙi. Ta riƙe tsani da hannu biyu tana roƙonsa da Larabcinta mai kyau, tana ce masa ammi, wato baffana, ita ba ta yi komai ba, za ta tafi ƙasarsu ba za ta dawo ba. Ni ma na roƙe shi. Na ce dattijo ne, baƙo ne, bai sani ba, a zaga ta wani wajen a sake gwadawa. Ya ce ya gaya mana tun a tudu. Ya ce dabbar da ta saba samun abinci a gefen jirgi ita ce take zuwa farfela ta yanka ta, ita ce kuma take cizon yaro in ta zo ba ta samu ba, shi ba zai sa yarinya a ruwan da aka zuba abinci yanzu ba. Duk na san wannan. Ni nake gaya wa baƙi wannan a ofis, da bakina, har da nuna yatsa. Amma a ranar ji na yi kamar in shaƙe shi. Ya tayar da inji.

Ban san lokacin da na juya ba. Na dubi surukina ido cikin ido na ce, "Haba Baba!"

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Maiɗakina ta dafe baki. Dattijo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, gaskiya kuwa bai taɓa ganin ƙwayar idona ba sai ranar. Ya kau da kai ya ce wa 'yarsa, "Gaya wa mijinki, ni ban taɓa sa jinina a ruwan da ban gaisa da shi ba. Don ita na yi. Ruwan nan bai san ta ba." Ya dubi yarinyar da ke zaune a ƙasan jirgi tana ɗigar ruwa, ya dubi gaɓar da muka nufa, sai a lokacin ya gane juyawa muka yi. Muryarsa ta sauka. Ya ce, "To ai da an gaya mini da ban yi ba."

Da an gaya masa! Jama'a, da an gaya masa!

Yarinyar ta ɗago ta ce, "Na gaya miki, Kaka."

Ya ce, "Ke ai wasa muke yi."

Muka iso tudu. Na bi mai jirgi na tambaye shi gobe fa. Ya ce gobe da jibi duk an kama, bayan nan kuma iska za ta tashi. Ni ma ba ni da jibin, mota ta ofis ce, ranar tafiyarsu kuma tana kan biza, ba a ɗaga ta. Muna tsaye sai ga wani saurayi daga jirgin masu kiɗa, ya ga yarinya da jan ido ya gane. Ya ce in kawo ta yanzu-yanzu, shi ya yi alkawari har bayansu za ta shafa. Wallahi na yarda. Na ce mata taso mu je, ga dama ta samu. Ta dubi jirgin, ta dubi bokitin kifin da ke ciki, ta girgiza kai. Na lallashe ta, na yi mata faɗa, na ce mun yi tafiyar wuni guda saboda ke. Ta ce, "Abba, ba haka nake so ba." Ta cire gilashin ruwan ta tafi mota ta zauna.

Haka muka dawo Riyad, kowa yana kallon tagarsa. Kwanakin da suka rage aka yi ta ɗaure kaya. Surukina in na durƙusa na gaishe shi sai ya ce "lafiya" ya tsaya nan. Maiɗakina ta ce ba za ta shiga jirgi da ubanta yana fushi da mijinta ba, sai na nemi wani dattijon Maraɗi da ke ƙasan benenmu ya hau ya ba shi haƙuri a madadina. Ka ji fa. 'Yata aka yi wa asara, ni na karya alkawari ba da sona ba, kuma ni ne mai aika ban-haƙuri. Na aika. Surukina ya ce ya yafe, ya ƙara da cewa zaman Turai da na Larabawa yana sauya yara. Na haɗiye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban sami wanda zan ɗora wa laifin in huta ba. In na ɗora wa surukina sai in tuna yadda ya zauna yana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya saboda jikarsa. In na ɗora wa maiɗakina sai in tambayi kaina wace 'ya ce za ta ce wa ubanta an hana shi. Mai jirgi kuwa gaskiyarsa ce, shi ya sa ma na fi jin haushinsa. Haka na yi ta yawo da fushin a cikina, na sauke shi a kan direbobin tasi da masu kawo saƙo ofis.

A filin jirgi yarinyar ta rungume ni ta ce in kula da cin abinci. Ba ta tayar da maganar teku ba, ni ma ban tayar ba. Kakanta ya riƙe mata jaka suka shige.

Da hutu ya zagayo mudir ya tura ni in raka wasu iyalai gaɓa, jirgin dattijon nan dai. Na tsaya a bakin ruwa na jera musu dokoki ɗaya bayan ɗaya, babu wanda nake jin kunya a cikinsu, kowa ya ce to. Ba mu ma daɗe muna jira ba suka zo. 'Ya'yan mutane suka sauka a hankali suka kwanta a kan ruwa, dolfin suka yi ta zaga su, suna wucewa ta ƙarƙashinsu suna dawowa, har wata ƙaramar yarinya ta fito tana kuka don daɗi. Mai jirgi ya miƙo mini gilashin ruwa ya ce in shiga. Na ce a'a. Na ɗauki abin a waya, da muka iso inda akwai sabis na tura mata can Yawuri.

Sai da muka kama hanyar Riyad amsarta ta shigo, saƙon murya. Na tsaya a gidan mai na fita daga motar don in ji ni kaɗai. Ana jin kukan awaki a bayanta. Ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta ce kowa lafiya. Sannan ta ce, "Abba, na gani. Don Allah kada ka ƙara turo mini irin wannan."